Mai Naɗin Waya da Hasken da Ya Ƙi Juyawa

A hawa na biyu na sashen injiniyan lantarki, can ƙarshen baranda inda ake jibge karyayyun kujeru, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A nan Baba Koyil ya yi shekara ashirin da shida. Sunansa na yanka yana cikin takardun ofis, amma ko sakataren sashen sai ya ɗan daki goshi kafin ya tuno shi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa wannan suna, ya bi shi har gida, matarsa ma idan tsokana ta motsa mata da shi take kiransa.

Ba a aji ya koyi aiki ba. Yana ɗan shekara sha ɗaya aka kai shi wurin kawunsa mai gyaran fanka da injin jan ruwa a bakin kasuwa. A can ya koyi yadda ake warware koyil, wato naɗin wayar da ke cikin inji, idan ya ƙone, a ƙirga zagayensa, a naɗa sabo da jar waya ba tare da an ƙara ko an rage ba. Wata rana wani matashin malamin jami'a ya kawo wata na'urar awo da ta ƙone, wadda duk masu gyara suka ce ba su ba ita. Ya karɓa, ya kwana uku a kanta, ta tashi. Malamin bai manta ba. Da aka buɗe gurbin mai kula da kayan ɗakin gwaji, shi ya je har kasuwa ya ɗauko shi. Wannan malami shi ne ya zama Farfesa, kuma tare suka tsufa, ɗaya a ofis mai labule, ɗaya a ɗaki mai taga ɗaya.

Mutum ne marar hayaniya. Ba ya taɓa waya sai ya wanke hannu, ba ya yarda a ci ko da biskit a kan teburinsa, kuma idan yana ƙirga zagaye ko shugaban jami'a ne ya yi sallama sai ya jira. Ɗalibai suna cewa har matakalar bene ƙirgawa yake yi, don ya tabbatar ba a sace ɗaya ba. Matarsa kuwa ta rantse cewa ko a barci leɓɓansa motsi suke. 'Ya'yansu uku, duk mata, duk a ɗakunansu. Ta tsakiyar ma'aikaciyar jinya ce, ita ce kuma mai bakin gidan.

Aikin da ya fi cin ran Farfesa a shekarunsa na ƙarshe shi ne na juya haske. Yadda ya yi wa Baba Koyil bayani, saƙon da mutane ke aika wa juna ta waya da kwamfuta, idan zai yi doguwar tafiya, haske yake zama, ya riƙa gudu cikin wani zaren gilashi mai kaurin silin gashi. Inda matsalar take shi ne mararraba. Duk inda hanya ta rabu, sai an mayar da hasken nan lantarki, an duba inda za shi, sannan a sake mayar da shi haske ya ci gaba. Farfesa ya ce kamar matafiyi ne da za a ce a kowace mararraba sai ya sauka daga mota, an sauke kayansa, an sake ɗaurawa. Abin da suke nema shi ne haske ya karya kwana yana cikin gudunsa. Akwai wani irin dutse da ake haɗawa a masana'anta, idan maganaɗisu ya ratsa shi yakan murɗe hasken da ke bi ta cikinsa. Sai a samo ɗan ƙaraminsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a sa shi a kan hanyar zaren, a kewaye shi da ɗan koyil. Da an harba wa koyil ɗin wuta sai maganaɗisu ya tashi, haske ya bar hanyar hagu ya kama ta dama. Gasar duk ta sauri ce: wa zai sa shi ya juya da wuri.

Baba Koyil bai damu da lissafin ba. Ya dai gane cewa duk wannan dogon Turanci a kan naɗinsa yake tsaye, kuma hakan ya yi masa daɗi.

A cikin wannan aiki ne aka kawo wata ɗaliba da kowa ke kira Injiniya. Ba yarinya ba ce, ta doshi arba'in. Malama ce a wata kwalejin fasaha da ke wani gari, tafiyar awa huɗu a mota. An ba ta hutun karatu na shekara uku ta yi digirin digirgir, ta baro miji da 'ya'ya biyu, tana leƙa su ƙarshen wata. Ita ce ta zo da sabuwar dabara: a ƙanƙanta koyil ɗin sosai, a naɗa shi a kan ɗan bututun da bai kai ashana kauri ba, zagaye arba'in cif, da wayar da ta fi gashi sirantaka, kada zagaye ɗaya ya hau ɗan'uwansa. Lissafinta ya nuna haske zai juya da saurin da ya ninka na da sau uku. Farfesa ya kwana biyu yana neman kuskure a takardunta bai samu ba.

Tun ranar farko ta ɗauke shi uba. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, ya rasu tana sakandare, ta ce idan ta ga Baba Koyil ya sunkuya a kan tebur sai ta ji kamar tana shagonsu. Takan jawo kujera ta zauna gefensa, ba ta magana sai ya gama ƙirga. Idan ta dawo daga gida sai ta kawo masa gaisuwar maigidanta, ta ba shi labarin yadda autarta ta ƙi yi mata magana kwana biyu don fushin tafiyarta. Shi ma har ya fara ce mata 'yata, abin da bai taɓa yi wa wani ɗalibi ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun kafin zuwanta idonsa na dama ya fara hazo. Da farko ya ɗauka tabarau ne ya yi datti, ya yi ta goge shi da bakin riga. Ya sayi wani mai ƙarfi a kasuwa, ya ɗan ji dama, bayan wata uku abin ya dawo, na hagun ma ya fara. Manyan naɗe-naɗe ba su gagare shi ba, hannunsa ya san hanya. Amma wayar Injiniya ba ta jin hannu, sai ido.

A da, da ɗan tsinken itace mai laushi yake jera zagayen. Da gani ya ragu sai ya koma amfani da bakin allura, don ita yana jin ƙaiƙayinta a yatsa idan ta taɓa waya. Irin wannan waya kuwa tana da ɗan shafe a jikinta, siriri ƙwarai, shi ke hana zagaye ɗaya haɗuwa da na kusa da shi. Idan ya gama sai ya gwada da mita, ta nuna daidai, ya ɗiga gam ya rufe, ya miƙa mata. Takan karɓa da hannu biyu.

Haske ya ƙi juyawa yadda lissafi ya ce. Yana juyawa, amma da jan ƙafa, ko saurin tsohuwar dabara bai kai ba. Injiniya ta sake jera zaren gilashin, ta canja dutse, ta kwance na'urar harba wuta ta sake haɗawa. Ta cika littafi uku da lissafi. Wata huɗu suka tafi a haka.

Wata ranar Talata da hantsi ya shiga ɗakin gwaji kai mata sabon naɗi, ya tarar ta bar na'urar tana aiki tun safe. Yana sunkuyawa kusa da ita ya ji wani ɗan wari, kaɗan ne, wanda bai saba ba ba zai kula ba. Shi kuwa tun yana ɗan sha ɗaya ya san shi. Warin shafen waya ne idan zagaye biyu sun haɗu suna cin juna. Ya koma ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda bai sa wa gam ba, ya warware shi a hankali yana bin wayar da farce. Wuri uku farcensa ya tsaya. Allura ta kankare shafen. Zagaye biyu ko uku cikin arba'in ba abin da mita za ta nuna, amma ya san irin wannan haɗuwa takan riƙe maganaɗisu, ta hana shi tashi da wuri. Ya zauna da wayar a hannu har aka tashi cin abinci.

Da ya fita a lokacin ya faɗa mata, da wata huɗu kawai aka yi asara. Daga baya ya sha juya wannan a ransa. Amma a satin ne aka liƙa takarda a allon sanarwa cewa duk ma'aikacin da ya haura hamsin da biyar za a fara duba lafiyarsa. Ya kuma tuna Farfesa ya taɓa ambaton wani injin naɗi da ake sayarwa a waje. Kuma ba a yi wata guda ba da Farfesa ya kawo baƙi ɗakinsa, ya kama hannayensa biyu ya ɗaga, ya ce musu wannan sashe ba shi da na'urar da ta kai waɗannan. Mutumin da aka ɗauko daga bakin kasuwa, ba shi da takarda ko ɗaya, idan ido ya tafi me ya rage masa? Sai ya ce wa kansa na gaba zai yi da kyau, a gyara ɓarnar ba wanda ya ji. Ya ajiye allura ya koma tsinke. Na gaban suka fi na baya muni, don yanzu zagayen hawa juna suke yana jan su da ƙarfi. Ya rufe su da gam.

Bayan kamar sati uku ta shigo, ta jawo kujerarta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta daɗe tana juya wani koyil a tafin hannu kafin ta yi magana.

"Baba, don Allah kada ka ji wani abu. Na duba komai, wannan kaɗai ban duba ba. Anya naɗin nan lafiya yake?"

Ya jawo mita ya ɗora koyil ɗin, ya juya mata fuskar ta gani.

"Ga shi nan, 'yata. Shekara arba'in da biyar ina wannan aiki."

Ta ba shi haƙuri har sau biyu. Ta ce gajiya ce ta sa ta fara zargin wanda bai kamata ba, mahaifinta ma ba abin da ya tsana kamar a tambaye shi ko ya ɗaure agogo da kyau. Ta tashi ta mayar da kujerar inda take. Bai yi ƙarya da baki ba, haka ya riƙa gaya wa kansa a hanyar gida. Mita ta nuna abin da ta nuna, shekarun ma gaskiya ne. Amma ko shi bai yarda da wannan magana ba.

Ranar da kwamiti ya zauna duba aikinta, shi aka sa ya ɗauko na'urar ya haɗa, don haka yana tsaye bakin ƙofa ya ji komai. Wani malami daga wani sashe ya ce lissafin yana da kyau a takarda, sai dai haske ba ya karanta takarda, aka yi 'yar dariya. Wani ya tambaya ko an tabbatar da ingancin kayan. Farfesa ya ce dutsen daga amintaccen wuri yake, naɗin kuwa zai iya dafa littafi ya rantse a kansa. Bai ko waiwayo ba, don a ganinsa maganar ba ta buƙatar shaida. Injiniya ta miƙe ta ce to kuskuren nata ne, akwai abin da ta kasa gani a lissafin. Kwamiti ya ce ta sake sabon lale da wata dabara. Wata biyar ya rage a hutunta, kwalejinsu kuma ta ce ba ƙari, ɗalibai na jiran malama.

Ranar da za ta tafi ta zo yi masa sallama da wani ɗan ƙunshi a hanki. Gilashin ido ne irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa, na mahaifinta. Ta ce a wurinta ajiya ce kawai, a wurinsa zai yi aiki, kuma a duk zamanta ba wanda ya tsaya mata kamarsa. Ya karɓa, ya yi godiya, ya yi mata addu'ar sauka lafiya. Ya sa shi can ƙarshen aljihun tebur, bai sake buɗe wannan aljihu ba.

A gida aka ga canji. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya fara faɗa a kan gishiri da ƙarar rediyo. Ya rage cin abinci. Matarsa ta tambaya, ya ce aiki ne. Ta ce shekara talatin da ɗoriya tana ganin gajiyar aiki, wannan ba ita ba ce, amma ta ƙyale shi. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta kama shi wata Asabar da ta zo gaishe su, ta ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi yana ta zubawa a kan faranti. Ba ta yi shawara da shi ba. Litinin ta zo da mota ta kai shi asibitin ido, yana ta gunaguni tana cewa Baba ka gama mitarka a mota.

Likita ya ce yanar ido ce, ta tsufa, kowa na yi. Aikin ido ɗaya bai kai rabin awa ba. Bayan wata guda aka yi ɗayan. Ranar da aka cire masa bandeji ya ga zanen da ke jikin zanen matarsa, ya ga tsagar da ke bangon ɗaki, ya ga layukan tafin hannunsa, abin da ya yi shekaru bai gani ba. Kowa na barka, shi kuwa ya kasa murna. Ashe abin rabin awa ne. Da ya koma aiki ya faɗa wa Farfesa dalilin hutunsa, sai Farfesa ya yi dariya ya ce ai shi ma an yi masa shekara biyu da suka wuce, da ya yi magana da ya haɗa shi da likitansa. Duba lafiyar da aka liƙa a allo kuwa, awon jini ne da na nauyi, ba wanda aka sallama.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni. Wata safiya Farfesa ya aika a kira shi, ya juyo masa fuskar kwamfuta. Wasu masu bincike a wata ƙasa sun buga sakamakon aikinsu. Ɗan ƙaramin koyil ne a kan siririn bututu, kusan irin nata sak, saurin da suka samu kuma bai bambanta da lissafinta ba sai da kaɗan. Farfesa ya cire tabarau yana murza ido, ya ce yarinyar nan gaskiya gare ta, su ne ya kamata su fara. Ya ce shi yanzu dutsen yake zargi, wataƙila an sayar musu da marar kyau. Baba Koyil ya buɗe baki, ya ce Allah ya kyauta, ya fita. A matakala ya zauna, ɗalibai na ratsa shi suna gaishe shi.

Da yamma ya faɗa wa matarsa komai, tana zaune tana tsince wake. Ba ta katse shi ba, ba ta kuma daina tsintar ba. Da ya gama ya jira ta ce ƙaddara ce, ko ta ce kowa na kuskure.

"Ni ka cuta?" ta ce.

Ya ce a'a.

"To me ya kawo ka wurina? Motar garinsu ƙarfe nawa take tashi?"

Ta tashi ta goge masa farar rigarsa, ta rataye a ƙofa.

Ya isa kwalejin da azahar. Aka nuna masa ajinta, ya tsaya a baranda yana jin muryarta tana koya wa 'yan shekarar farko yadda ake haɗa fitila biyu da makunni ɗaya. Da ta fito ta gan shi, ta saki alli ta rusuna har ƙasa, ta ja shi ɗakin malamai tana gabatar da shi ga kowa, wannan ne Baban da nake ba ku labari. Ta aika a kawo ruwan sanyi. Ya jira har ɗakin ya rage su biyu, sannan ya ciro gilashin mahaifinta ya ajiye a kan tebur, ya fara.

Bai rage komai ba: hazon, allurar, warin, wuri ukun da farcensa ya tsaya. Ta saurara hannunta a kan gwiwa. Tambayoyin da ta fara yi na aiki ne, koyil nawa, tun wane wata, a wane gefe shafen ya fi kankarewa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

"Ranar kwamiti ma?"

"Ina tsaye bakin ƙofa."

Ta juya tana kallon taga. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa shekara ukun ba su ne suka fi ci mata rai ba, ko da yake autarta ta shiga makaranta ba ta nan. Ta ce tun da ta dawo, ko lissafin 'yan aji ɗaya za ta rubuta a allo sai ta duba sau uku. Ta ce ta zaunar da maigidanta ta ba shi haƙurin wahalar da ta sa shi, ta gaya masa ashe kanta bai kai inda ta zata ba. Littattafan lissafin uku kuma suna cikin kwali a saman kabad, ta hana kowa saukowa da su don kunya.

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ba yau ba, kada ya sa ta faɗi abin da bai kai zuci ba. Abu ɗaya take so: ya faɗa wa Farfesa, a rubuce, ya sa hannu. Ta ɗauki gilashin ta sa a jaka. Duk da haka sai da ta raka shi bakin titi, ta tsayar masa da motar tasha.

'Yarsa ce ta rubuta masa takardar yana faɗa, tana rubutu tana share hawaye tana masa faɗa. Farfesa ya karanta a tsaye. Da ya gama ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shi da bakinsa ya rufe ƙofar tambaya a gaban kwamiti. Baba Koyil ya miƙa takarda ta biyu, ta barin aiki. Farfesa ya ture ta, ya ce wannan ai sauƙi yake nema, ba inda za shi sai ya naɗa sababbi. An ba shi takardar gargaɗi, ita ce ta farko a fayil ɗinsa. Labari ya bazu a sashen. Wasu suka daina shiga ɗakinsa hira, wasu suka ƙara shiga, kuma na biyun sun fi yi masa nauyi.

Farfesa ya yi ta zirga-zirga har aka yarda Injiniya ta dawo, ba cikakken lokaci ba, sai lokacin dogon hutun kwaleji. Baba Koyil ya naɗa mata guda sha biyu da tsinken itace. Kafin ya ɗiga gam, kowanne sai ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma ta bi zagayen ɗaya ɗaya, yana tsaye. Ba ta sami aibu ba. Ranar gwaji su uku ne a ɗakin. Ta danna, layin da ke fuskar na'ura ya yi tsalle ya miƙe tsaye, haske ya bar hagu ya kama dama tun kafin a ce me. Ta maimaita sau goma, ta rubuta lambobin a littafi na huɗu. Farfesa ya ce madalla. Ba wanda ya yi tafi, don kowa ya san wasu sun riga su.

Sai da ta ƙara shekara biyu tana neman abin da zai zama nata, ta same shi a hanyar rage zafin koyil idan ya daɗe yana aiki. Aiki ne mai kyau, amma ƙarami. Ta sami digirinta. Tana gaishe shi da ladabi duk lokacin da suka haɗu, tana tambayar mutanen gida, sai dai ba ta sake zama hira ba, shi ma bai sake roƙon yafiya ba.

Kafin ya yi ritaya aka ɗauki wata mata da ta yi makarantar fasaha ta gaje shi, aka ce ya nuna mata aiki wata uku. Ranar farko, kafin ya nuna mata inda waya take, wannan labari ya ba ta. Ya ba maƙwabta, ya ba surukansa, har mai kawo musu ruwa. Sai da matarsa ta tsawata, ta ce ya isa haka, yana nema ya mayar da laifi sana'a, kuma labarin ba nasa ne shi kaɗai ba da zai riƙa rabawa. Ya ji, ya bari.

Yanzu yana da ɗan teburi a ƙofar gida, yana gyara wa unguwa fanka don kada hannu ya mutu. Bara da rani wata mota ta tsaya, wani mutum mai furfura a gemu ya fito, ya gabatar da kansa a matsayin maigidan Injiniya. Ya buɗe bayan mota ya sauko da injin jan ruwan gidansu, ya ƙone. Baba Koyil ya san daga garinsu zuwa nan mutumin ya wuce masu gyara sun fi ɗari. Ya tambaya ko ta ba da wani saƙo. Mutumin ya ce ta ce a gaishe da Baba, kuma idan da hali a gama ran Alhamis, don sun gaji da ɗibar ruwa a maƙwabta.

Aikin yini ɗaya ne, ya kwana uku a kansa. Mutumin ya zo ya ɗauka. Bayan sati saƙo ya shigo wayar 'yarsa, layi biyu: inji ya tashi, ruwa na hawa tanki. Ya sa ta karanta masa sau biyu, ya tambaya ko akwai saura a ƙasa. Ta ce babu. Ya gyaɗa kai, ya jawo wata fanka da ke jiransa tun jiya, ya fara kwance murfinta.